Huhun ɓera a kan sikeli

Hazo ya rufe Katsina ranar da na iso gida hutu, ko hasumiyar Gobarau ba a hangowa daga nesa. Da daddare Inna ta tsare ni. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "Wai kai, aikin me kake yi a can ne?" Na ce auna huhun ɓera. Ta yi shiru, can ta ce, "Ɓeran da muke sa wa guba a ɗakin ajiya, shi ku kuke kiwo?"

Shi ne, sai dai namu farare ne, kuma abincinsu ma da awo.

Akwai wani sinadari da ake cirowa daga ɓawon bakteriya irin su E. coli, sunansa LPS. Ba shi da rai, ba ya hayayyafa, ba ya cin naman kowa. Mukan sa wa ɓera maganin barci, mu ɗiga masa ɗan kaɗan a maƙogwaro, wasu kuma mu ɗiga musu ruwan gishiri kawai don kwatantawa. Kafin gari ya waye na ruwan gishirin suna ta tsalle, na LPS kuwa sun takure a lungun keji, gashi a tashe, numfashi sama-sama.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki ke nan: babu ƙwayar cuta mai rai ko ɗaya a huhun nan. Jikin ɓeran ne ya yi ɓarnar. A cikin ƙananan jakunkunan iska na huhu akwai ƙwayoyin da ake kira makrofaj, masu gadi ne. Suna da wani makama mai suna TLR4 da ke gane LPS. Wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Bruce Beutler, ne ya gano haka a 1998, ta hanyar wani jinsin ɓera da LPS ba ya yi wa komai, ya kuma samu kyautar Nobel a 2011. Da zarar mai gadi ya gane, sai ya saki sinadaran gangami, su TNF da IL-1 da IL-6. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil su yi tururuwa, su huda bangon jijiya su faɗa cikin jakunkunan, suna watsa gubar da aka tanada don kashe bakteriya. Bangon kuwa siriri ne, ɓawon albasa ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Ya fara yoyo, ruwan jini ya cika wurin iska. Ruwa ya ci ɓera a tudu.

Awon da na gaya wa Inna na wannan ruwan ne. Lafiyayyen huhu ruwan hoda ne, ba nauyi, kamar soso. Wanda ya kumbura ya yi duhu-duhu, yana ƙyalli, kana ɗagawa da hantsaki ka ji ya jiƙe. In ɗora shi a sikeli in rubuta, in saka a tanda mai zafin digiri 60 har kwana uku, ya bushe kamar kilishi, in sake aunawa, nauyin da ya ragu shi ne ruwan. Sau ɗaya wuta ta ɗauke mana cikin dare, janareta ya ƙi tashi, aikin mako biyu ya tafi a banza. Ban so tuna wannan.

Masu cewa wasa muke da ɓeraye, ga amsata. A 1974 wasu masu bincike biyu, Webb da Tierney, suka hura wa ɓeraye iska da ƙarfi ta na'urar numfashi, huhunsu ya cika da ruwa cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai a 2000 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa rage iskar da na'ura ke hura wa majinyaci mai irin wannan kumburin huhu, daga mililita 12 zuwa 6 a kowane kilo na nauyin jiki, ya sauko da mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin ɗari. Amma ban yarda da duk abin da ɓera ya nuna ba. Ba shi da IL-8, babban sinadarin da ke kiran nutrofil a jikin mutum, kuma magunguna da dama sun warkar da ɓera sun gaza a asibiti.

Inna ba ta damu da Nobel ba. Inda muka haɗu shi ne kananzir. Ta tuna ɗan maƙwabta da ya sha daga kwalbar lemo, aka ɗura masa manja aka sa shi amai, daga baya numfashi ya gagara sai da aka kwana asibiti. Na ce Inna, kananzir a ciki bai kai haɗarin kananzir a huhu ba, aman ne ke tura shi can, ɗigo kaɗan ya isa ya tayar da irin gangamin nan. Asibiti ake nufa kai tsaye, ba manja, ba amai.

"Manja dai tun kakanni ake bayarwa," in ji ta.

Da safe na ɗauke kwalbar da take kunna gawayi da ita daga bakin murhu, na ɗora bisa katanga. Da azahar na tarar ta dawo inda take.