Kunyar Bakatsine a Kan Dutsen Shere

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ɗan wana ya same ni a majalisarmu ta Ƙofar Marusa bayan la'asar. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baffa, dubi inda za mu in an yi hutu." Hoton wasu samari ne a kan dutse, sun buɗe hannuwa, garin Jos kwance a ƙarƙashinsu. Shi da abokansa sun yi karo-karo, har sun yi magana da mai mota. Na ce masa to wa zai yi muku jagora? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ai akwai taswira a waya, Baffa."

Na yi shiru, domin ni ma na taɓa yin irin wannan dariyar, kuma har yau in sanyi ya shigo idon sawuna na hagu yana tuna mini da ita.

Mu mutanen Katsina 'yan fili ne. Garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, tsayinsa daga teku bai wuce mita 500 da 'yan kai ba. Kafin in je Jos, abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne hasumiyar Gobarau, wadda ba ta fi mita 15 ba, kuma da na leƙo daga samanta na ga rufin gidaje sai na ɗauka na san abin da ake kira bisa. Akwai duwatsu a wajen Dutsin-Ma da Safana da Batsari, amma duk mun san abin da dajin Rugu ya zama a shekarun nan, babu mai hankalin da zai ce zai kai yara yawon buɗe ido can. Saboda haka yaron da ya tashi a cikin birni yakan girma bai taɓa sanin yadda dutse yake cin ƙafa ba. Jos kuwa garin kansa yana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829.

Mu huɗu muka je, ziyarar wani abokinmu da ke bautar ƙasa a can. Watan Janairu ne. Ba mu bar masauki ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, don mun tsaya shan shayi da hira. Ni na sa farar shadda da hula, da takalmi sau-ciki na fata wanda ƙasansa ya sha tafiya har ya yi sulɓi, saboda hoto nake so in kawo gida. Ruwan leda biyu na jefa a aljihu.

A ƙauyen da ke gindin dutsen muka tarar da wani dattijo, cikin mutanen da muke kira Jarawan Dutse, su kuma suke kiran kansu Afizere. Hausa a bakinsa tas. Ya ce zai kai mu ya dawo da mu, ya faɗi kuɗinsa. Kuɗin bai kai abin da muka kashe a tsire daren jiya ba, amma sai muka hau ciniki da shi kamar muna tayin sa a kasuwar Mai'aduwa. Ni ne ma na fi zaƙewa. Na ce, "Baba, dutsen da muke gani da idonmu ne za a biya kuɗi a nuna mana?" Bai yi fushi ba. Ya dubi ƙafata, ya dubi rana, ya ce, "Yaro, hawa kowa ya iya. Sauka ce ake biya." Muka yi dariya muka wuce.

Abin da ɗan fili bai sani ba shi ne, dutse daga nesa guda ɗaya ne, in ka shiga cikinsa ya zama ɗari. Ƙololuwar da kake hange tun daga ƙasa takan ɓace maka da zarar ka fara hawa, wani ƙaton fa ya tare ta. Ka yi ta haƙilo ka kai inda kake zaton ƙarshe ne, sai ka ga wani tudun a bayansa yana jiranka. Hanyoyi kuma ga su nan birjik: ta awaki, ta mata masu itace, ta masu zuwa gona, ta ruwa wadda rani ya busar. Duk kamarsu ɗaya. Taswirar waya tana nuna maka inda kake, in akwai sabis ke nan, amma ba ta gaya maka cewa tsakaninka da inda kake so akwai kwazazzabon da ba ya tsallakuwa.

Da ƙyar muka kai wani tudu wajen ƙarfe uku. To me muka gani? Hazo. Fari fat ta ko'ina, kamar an rufa wa duniya mayafi. Ƙurar hunturu ce, irin wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wadda mu a Katsina muke sha duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu har jiragen sama su kasa sauka. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa shi da batun hangen nesa ba. Mun yi tafiyar yini guda a mota, mun yi awa huɗu muna hawa, don mu kalli abin da za mu iya kallo daga soron gidanmu. Hoton da na ɗauka ranar yana nan: ni ne tsaye cikin shadda da ta koma ruwan ƙasa, bayana babu komai.

Amma ba wannan ne babban kuskurena ba. Tun kafin mu kai rabi ruwana ya ƙare. Iskar wurin busasshiya ce kuma da sanyi, gumi yana bushewa kafin ka ji shi, saboda haka ba ka sanin jikinka yana zubar da ruwa. Kaina ya fara sarawa, ina ganin duhu-duhu in na miƙe, jijiyar ƙwaurina tana ɗaurewa. Ban gaya wa kowa ba. Ana yi mana kirari da ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba, kuma muna jin daɗinsa. To wannan kunyar ce ta hana ni cewa "ku tsaya, na gaji", don kada a dawo gida a riƙa ba da labarina a majalisa. Daga baya na gano biyu daga cikin abokan nawa haka suke ji, kowa yana jiran wani ya fara faɗa. Mu huɗu muna tafe a jere, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abin da zai iya kashe shi.

Da muka juyo sai hanya ta ɓace. Muka bi wata da muke zaton yanke ce, ta zuba mu cikin wani kwari mai kurmi, itatuwa sun haɗe sama, ƙasa duk ganye da gansakuka. A irin wannan wuri duhu yana riga magariba isowa, domin dutse ya tare rana tun da sauran lokaci. Sanyi ya sauko. Duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida, ga iska, ga shi babu mai rigar sanyi a cikinmu. A kan wani fa mai santsi takalmin nan nawa ya yi abin da dattijo ya gani tun da hantsi. Na zame, ƙafar hagu ta shige tsakanin duwatsu biyu, na ji wani ƙas. Allah ya taƙaita targaɗe ne, ba karaya ba, amma ko taka ta ban iya ba.

Wani yaro mai kora awaki ne ya ji ihunmu. Ya sheƙa ƙauye, bayan kamar awa guda sai ga hasken tocila. Dattijon nan ne, da sanda biyu da gorar ruwa da wani saurayi. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar, ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure ta, ya ce, "Sannu, ɗan Katsina. Sha ruwa a hankali, kada ka kwankwaɗa." Ko kalma ɗaya bai faɗa ba kan maganar da na yaɓa masa. Da ya yi mini gori da na fi samun sauƙi. Ashe inda muka maƙale bai fi tafiyar minti ashirin daga hanyar gaskiya ba. Muka ba shi ninki uku na abin da ya nema da safe, ya karɓi abin da ya faɗa tun farko, sauran ya ce a ba saurayin da ya goyo ni.

Bayan shekara biyu na koma, a ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwa ya ɗauke kuma hazo bai sauko ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin hange. Tsakiyar damina ba ta da daɗi a can, domin Jos tana shan ruwa daga Afrilu har Oktoba, fa yana yin santsi, gajimare yana rufe tudu, kuma wanda ke tsaye a ƙololuwa in hadari ya taso shi ne abu mafi kusa da tsawa. Wannan karon da jagora na tafi, muka tashi bayan sallar asuba, da kambas mai kaushin ƙasa wanda na riga na saba da shi, da ruwa lita uku, da dabino da ƙuli-ƙuli, da rigar sanyi a jaka.

A wannan tafiya na gane abin da ake biya. Nuna hanya ƙaramin aikin jagora ne. Yana tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni, yana waiwaye yana duban fuskoki, ya tsayar da ku hutu kafin ku nema, don ya san baƙo ba zai nema ba. Ya hana wani daga cikinmu karya reshen ƙerana, irin wadda suke shinge gonaki da ita, domin farin ruwanta in ya shiga ido bala'i ne. A bakin wani kogo ya sa yatsa a baki, muka wuce shiru, sai daga baya ya ce zuma ce a ciki, kuma hayaniya da turare mai ƙarfi suna tayar da ita. Cikin ciyawa shi ke gaba yana buga sanda, saboda ƙarshen damina ciyawa ta yi tsawo, macijiya kasa kuma ba ta gudu in ta ji motsi, kwanciyarta take yi sai an taka ta. Ya ce kada a zura hannu a ramin dutse don neman madafa sai an duba. Akwai kuma wani kurmi da ya kewaye da mu, ya ce wurin al'adar mutanen garin ne, baƙo ba ya shiga. Ba sai ka yarda da abin da suka yarda da shi ba, amma ƙasarsu ce, gonakin accan da kake ratsawa abincin wani ne, kuma rigima da yawa daga irin wannan rashin sani take farawa. Wace taswira ce za ta gaya maka wannan?

Wajen ƙarfe goma muka kai sama. Jos ta bayyana gaba ɗayanta, rufin kwano yana ƙyalli, ruwan dam kwance a gindin duwatsu, can nesa kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa suna walƙiya kamar an watsa madubai. Gonakin dankali da na acca kore shar a kan matakala. Wata rema ta fito ta zauna a kan fa tana kallonmu. Ɗaya daga cikinmu ya yi ta matsawa baki don hoto ya yi kyau, jagoran ya kamo rigarsa ta baya ba tare da ya ce uffan ba. Mun yi azahar muna ƙasa, da alwalarmu, da sauran ruwa a gora. Ledojin da muka sha muka dawo da su a jaka, don ya ce awaki suna ci su mutu.

Saukar kuwa, ko da kambas, ita ce ta fi cin gwiwa. Nauyinka duka yana sauka kan ƙafa ɗaya, ga gajiya, ga ɗokin isa. Taku gajere, a karkace, sanda a gaba, kuma kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani saboda dutsen da zai gangaro.

Akwai abu guda da a zamaninmu ba mu damu da shi ba, ku matasan yanzu kuwa dole ne. Ku tambayi halin da yankin yake ciki a makon da za ku, daga bakin mutanen wurin, ba daga hoton da wani ya sa a Facebook bara ba. Filato ta sha rikici, kuma hanyar da ta yi lafiya wannan watan ba lalle ta yi lafiya wata mai zuwa ba. Ku yi tafiyar mota da rana. Wani a gida da wani a masauki su san dutsen da kuka hau, da wanda ya kai ku, da lokacin da ya kamata ku dawo. Waya kuma a cika ta da caji a bar ta a aljihu, kada bidiyo ya cinye batirin da za a nemi taimako da shi. In da 'yan'uwanku mata a tafiyar, su sa abin da ba zai harɗe ƙafa ba, kuma kada wani ya mayar da gajiyarsu abin tsokana, don wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai ƙara faɗin abin da ke damunsa ba.

Duk wannan na zayyana wa ɗan wan nawa, yana sauraro yana wasa da makullin babur. Na tambaye shi yaushe ne hutun. Ya ce Disamba. Na ce to ku ɗaga, ko ku je ku kalli hazo. Na zaro kuɗi na ba shi, na ce wannan na jagora ne, ban yarda a saya tsire da shi ba, kuma ba a ciniki. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Baffa." Da ya miƙe zai tafi na dubi ƙafarsa, silifas ne na roba, ɗaya ma an ɗaure shi da waya. Na ce ya biyo ta gida gobe bayan isha'i, akwai kambas a ƙarƙashin gado, sai dai a wanke.