Ruwan tekun da na riƙa ƙarawa ne ya kashe mini ƙwayayen katantanwa

Har yau idan na ga robar nan a bayan ɗaki sai raina ya sosu. Kwana goma sha tara na yi ina gadin dutse guda, kuma da hannuna na ɓata aikin.

Tun da yaƙin 2023 ya koro mu daga Hartum zuwa Bur Sudan, bakin Bahar Maliya ya zama wurin zamana da yamma. A 'yan kududdufan da ke tsakanin duwatsu na fara lura da ƙananan dodon koɗi, masu kumburarren baya kamar gurjiya, waɗanda masana ke kira Nerita. Ka ɗaga ɗaya, nan take ya shige ya ja murfinsa mai siffar rabin wata. Irin wannan murfin ne, na manyan katantanwa, mata ke sa wa humra suna ce masa farce, Larabawan nan kuma su ce dufra. Da na nuna wa Inna sai da ta riƙe baki.

Wata rana na juya wani dutse na tarar da fararen ɗigo-ɗigo kamar an watsa riɗi. Kwanson ƙwai ne, kowane ɗaya da ƙwayaye da yawa a ciki. Na ɗauko dutsen da manyan dodon koɗi shida, na cika roba da ruwan teku, na ari madubin ƙara girma wurin wani abokina ɗalibi. Burina in ga 'ya'yan da idona. Ba sa fitowa da kamar iyayensu: ɗan tsako ne mai fiffike biyu masu gashi-gashi, yana iyo a ruwa makonni kafin ya sauka kan dutse. Tun yana wannan matakin jikinsa ke murɗewa rabin zagaye, shi ya sa mafitar kashinsa take komawa saman kansa.

Manyan ba su ba ni wahala ba. Da dare nakan haska tocila in ga bakinsu manne da jikin robar, harshen nan mai jerin haƙora kamar zarto yana kankare gansakuka, idanu a gindin ƙahonni.

Watan Satumba ne na 2024, makonni kaɗan bayan madatsar ruwa ta Arba'at, wadda garin ya dogara da ita, ta fashe, ruwan sha ya yi tsada a gari, jarka guda sai an yi lissafi. Zafi kuwa ba a magana. Kullum ruwan robar sai ya ragu, ni kuma in ɗebo na teku in cike. Kyauta ne, kuma a ganina ai halittar teku ruwan teku take so. Ban tsaya na tuna cewa ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan zaune ba. Bahar Maliya dama ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita, alhali sauran 35 ne. Rabin roba ya ƙafe ka cike da na teku, ka kai 60 ke nan. Ni kuwa na fi mako biyu ina yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, manyan sun nuna mini. Duk suka hau can bakin robar, suka rufe murfi, suka daina kiwo. Na ɗauka hutawa suke. Su suna da ƙofar da za su rufe, na cikin ƙwai ba su da mafita. A mako na biyu ina ganin 'yan tsakin suna juyi a cikin kwanso. Ranar sha tara na duba, babu mai motsi, sun yi fari fat.

Inna ce ta gano tun kafin ni. Ta dangwala yatsa ta lasa, ta ce, "Ɗan nan, in miya ta ƙafe, ruwa ake ƙara mata ko gishiri?" Na rasa amsa.

Duk mai son gwadawa, ya ja layi a jikin robar tun ranar farko. In ruwa ya sauka, ya cike da ruwan daɗi mai tsabta, kaɗan-kaɗan, zuwa layin. Mafi sauƙi ma ya zubar da tsohon gaba ɗaya duk bayan kwana biyu, ya ɗebo sabo daga teku, ya rufe robar a inuwa. Kofi ɗaya na ruwan sha a rana da ya ishe ni, duk tsadarsa. In ka ga manya sun gudu sama sun kulle, ɗanɗana ruwan a take.

Manyan shida na mayar da su kududdufinsu, biyar suka buɗe kafin in tashi. Yanzu a can nake duba ƙwan, in gama in kifa dutsen yadda na same shi.