Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kujerun Baya

Makon jiya na tsaya ne a inda Kawu ya kai ni wurin wani ejan a Jidda, aka ɗauke ni aikin raka alhazai da kayansu filin jirgi. Lokacin filin yana Kandara, a tsakiyar gari, in jirgi zai sauka sai hira ta tsaya a gidajen unguwar. Sai a 1981 aka buɗe filin Sarki Abdul'aziz can arewacin gari, da rumfunan nan na alhazai masu siffar tanti. Ni da aka haifa a Shara Mansur ta Makka, iyayena kuma da ƙafa suka ratso Sudan, a bakin fasinja na fara sanin Kano.

Da na tara abin da ya isa tikiti, Inna ta ce in je in ga dangin Baba. Jirgin Nigeria Airways na hau, DC-10, kore da fari, da giwa mai fukafuki a wutsiyarsa. Tikiti a zamanin ɗan littafi ne mai jan kabon a bayan kowane shafi, ana yage ɗaya a kowane zango, in ya ɓata kuwa ka shiga uku. Mutane ado suke ci don shiga jirgi: babbar riga, hula ƙube, turare. A kujerun baya muke, na talakawa, amma tsakanin kujera da kujera akwai wajen inci 34, dogon mutum ma yana miƙe ƙafa. Kafin a tashi a zagayo da alewa, in an daidaita a sama a kawo abinci mai zafi da cokalin ƙarfe. Fim guda ne ake haskawa a allon gaba, ka so ka ƙi shi za ka kalla. Can ƙarshen jirgi kuma masu shan taba ne, hayaƙinsu bai san iyakar da aka shata masa ba, har kan tsofaffi masu jan carbi yake zuwa. Sai a shekarun 1990 aka yi ta hana ta, kamfani bayan kamfani.

Kada yaran yanzu su ɗauka aljanna ce. Na ga alhazai sun yi kwanaki a kan tabarma a filin jirgi suna jiran jirgin da ba wanda ya san ranar zuwansa. Na ga wani kamfani ya sayar da tikiti fiye da kujeru, aka buɗe ƙofa dattawa suka tattare riguna suna tsere zuwa matakala. Kuɗin tikitin kuma, mai ƙaramin ƙarfi sai ya shekara yana tari.

Mu dai Hausawan Jidda da Makka, a kan sikeli muka fi jin canjin. Bahaushe ba ya komawa gida hannu rabbana. Akwatin ƙarfe, darduma, rediyo, agogon bango, buhun dabino, bagaruwa, atamfa, jarkokin zamzam, duk sai an hau da su. A da in kaya suka zarce, magana ake yi. Ka gaida ma'aikaci da Larabci mai daɗi, ka ce tsohuwa ce, tsarabar jikoki ce, sau da yawa ya kau da kai. Aikina ke nan, da shi na yi aure. Yau kwamfuta ce ke karanta sikelin, ba ta kuma san tsohuwa ba. Jaka kilo 23, abin da ya hau kai ka biya. Tun 2006 aka hana shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, daga baya kuma zamzam ya koma lita 5 a rufaffen kwali. Na sha ganin hajiya zaune a ƙasa ta zazzage jaka, tana zaɓe tsakanin kishiya da suruka wa za a hana tsaraba. Wata kuma ta saka abaya uku a jikinta cikin zafin Jidda, tunda ba a auna mutum.

Kujerun ma sun matse. Boeing 777 da kujera tara a jere ya fito, yanzu yawancin kamfanoni goma suke jerawa, tazarar kuma ta dawo inci 31, a jiragen araha ma ƙasa da haka. Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, tikitin takarda ya bi ta a 2008. A nan Saudiyya Nas, kamfanin jiragen araha, ta fara a 2007, ita ce Flynas ta yanzu, Flyadeal ta biyo a 2017, suka zo da tsarin komai da kuɗinsa. Kwanaki 'yata Hafsatu tana saya mini tikitin Riyad a wayarta, ta ɗago kai ta ce, "Baba, kujerar taga kake so? Sai an ƙara kuɗi."

Na ce, "To wanda na biya na mene ne, na tsayuwa?"

Ta yi dariya ta ce jakar hannu ma kilo 7 ce, shayi kuma sai na saya. Na yi mita, amma na hau, domin kuɗin bai taka kara ya karya ba. Abokaina suna cewa jirgi ya zama motar kasuwar ƙauye. Ni ban cika taya su kukan ba, don yau direba da mai aikin gida suna zuwa jana'izar uwa a Kano su dawo bakin aiki, Baba kuwa har ya rasu bai sake ganin garinsu ba. A jirgin Saudia har yanzu ana karanta addu'ar tafiya kafin a tashi, wasu manyan jiragensu ma akwai wurin salla a baya.

Matsin sikelin nan ne ya kashe mini aikin roƙon kilo, shi ne kuma ya buɗe mini wata ƙofar. Mata 'yan Kano-Jidda suka rasa yadda za su yi da hajarsu, sai suka fara tambayata ko na san hanyar kago. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda na kama shago a kasuwar Bab Sharif ta Jidda da bashin Hajiya Yalwa, da abin da ya faru da kayan farko da muka aika Kano.