Tambayar da Ɗan Ƙanwata Ya Yi Mini Kan Aikin Injiniya

Bayan ƙaramar sallar bana, ɗan ƙanwata wanda ya kammala sakandare kuma yake shirin neman gurbi a jami'a ya zo gaishe ni. Da muka gama cin abinci sai ya gyara zama ya ce, "Kawu, a cikin fannonin injiniya, wanne ne ya fi kawo kuɗi?" Ban ga laifinsa ba, domin yaron da ya tashi yana ganin yadda mahaifinsa ke fama da kuɗin makaranta da na cefane dole ne irin wannan tambaya ta zo masa a gaba. Amma ban iya ba shi amsa nan take ba, duk da cewa na shafe shekara 24 ina aikin injiniyan ruwa da gine-gine, saboda na lura bai san ainihin abin da injiniya yake yi daga safe zuwa yamma ba, kuma ba shi kaɗai ne bai sani ba.

A wurinmu, duk wanda ya riƙe sifana ko abin gwada wuta sunansa Injiniya. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano Injiniya ne, haka mai gyaran janareta, haka wanda ke jan wayar wuta a sabon gida. Ni wannan ba ya ɓata mini rai, domin girmamawa ce ga mutanen da ke ci da guminsu. Sai dai hukumar COREN, wadda dokar 1970 ta kafa don tsara wannan aiki a Najeriya, ta kasa ma'aikatan gida huɗu: injiniya mai digiri, da mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da gwanin sana'ar hannu. Kowannensu yana da muhallinsa, kuma babu aikin da zai tashi idan ɗaya ya janye hannunsa. Abin da ya bambanta injiniya shi ne, shi ne ke yin lissafi tun kafin a sari ƙasa, shi ne ke sa hannu ya buga hatimi a kan zane, kuma idan gada ta rufta bayan shekara goma, shi za a nemo a tambaya.

Na fara fahimtar nauyin wannan ne a shekarata ta farko bayan bautar ƙasa, lokacin da aka tura ni duba aikin wani kwalbati a kan hanyar ƙauye. Tifa ta juye yashi, na duba takardar direba na ga komai daidai, na ce a fara kwaɓi. Wani dattijon birkila da ya kai sa'an mahaifina ya matso, ya damƙi yashin a tafin hannunsa, ya matse, sannan ya buɗe ya nuna mini. Yashin ya dunƙule bai warwatse ba, kuma ya bar jan shafi a fatar hannunsa. Ya ce, "Injiniya, wannan yashin da laka a cikinsa, ba zai kama siminti ba." Na ce, "Baba, ta yaya za mu tabbatar?" Sai ya sa yaro ya kawo kwalba, ya zuba yashi zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye a inuwa. Kafin mu dawo daga sallar azahar yashin ya kwanta a ƙasa, lakar ta taru a samansa, kaurinta ya fi ɗan yatsa. A aji an koya mini cewa laka tana hana siminti riƙe yashi da tsakuwa, har na rubuta hakan a jarrabawa, amma a hannun wannan dattijo na koyi yadda ake gane ta. Mun mayar da yashin, kuma har yau ba na barin a fara zuba kankare sai na damƙi yashi da hannuna.

Ɗaya ɓangaren aikin ya fi wannan ɗaci, kuma na faɗa wa yaron ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Bayan wasu shekaru, a wani ginin bene na ajujuwa, ɗan kwangila ya kawo rodi mai kaurin milimita 12 a inda zane ya ce a sa mai 16. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba, amma ƙarfen da ke cikin rodi mai 12 bai wuce kashi 56 cikin 100 na wanda ke cikin mai 16 ba, wato kusan rabin ƙarfin ya tafi ke nan. Ya kuma so a cire katakon da ke tallafe da kankaren bayan kwana biyar domin a kai shi wani aikin, alhali kankare sai ya yi kwana 28 ana ba shi ruwa kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Ya ja ni gefe ya ce, "Injiniya, kada ka tsananta, ai Allah ne ke tsarewa." Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, kuma 'ya'yan mutane ne za su zauna a ƙarƙashin wannan kankare." Ban sa hannu ba. Cikin mako biyu aka sauya mini wurin aiki, na yi watanni ba a ba ni wani abin kirki ba, kuma iyalina sun ji a jikinsu. Duk injiniyan da ya daɗe a fagen nan, ko wane fanni yake, yana da irin wannan rana a tarihinsa.

Fannin ruwa, wanda shi ne nawa, ya koya mini cewa gini shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, kulawa ita ce babba. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, har yau ita ke tura ruwa ta babbar magudana zuwa gonakin Kadawa da Kura ba tare da wani injin turawa ba, gangaren ƙasa kawai aka auna aka yi amfani da shi. Duk wanda ya ci shinkafar Kura ko tumatirin rani na wannan yanki ya ci albarkacin lissafin mutanen da bai san sunansu ba. Amma madatsar da aka gina da ƙasa kamar mai jinya take, kullum sai an zagaya ta: a duba ko ruwa na tsattsafowa ta bayanta, a ga ko tsattsafin ya fara fitowa da laka, a cire bishiyar da saiwarta za ta huda bango, a kashe gidan gara, a tabbatar ƙofofin sakin ruwa suna buɗuwa. Mutanen Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988 ba, kuma abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024 yana nan sabo a zukatanmu. Haka kuma injiniyan ruwa na gaskiya ba ya tsayawa a bakin madatsarsa. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka tare kogunan sama, ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman can suka shiga wani hali. Wannan ma lissafi ne da ya kamata ya shiga zane tun farko, kuma a ganina nan ne ƙarni na gaba na injiniyoyinmu zai fi samun aikin yi.

Wani abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a jami'a a Samaru ya karanta fannin lantarki, ya yi rayuwarsa a tashoshin rarraba wuta. Mutane suna ganinsa ne kawai ranar da aka ɗauke wuta, su yi ta mita, ba su san cewa yana kwana a ɗakin kula da na'urori yana kallon allura ba. Wutar lantarki ba a tara ta a rumbu kamar hatsi. Abin da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas na kudu suka samar a wannan daƙiƙa, shi ake sha a wannan daƙiƙa, kuma dole bugun wutar ya tsaya a kusa da 50 a kowace daƙiƙa, in ya yi ƙasa sosai injuna su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya, ƙasa duka ta shiga duhu. Daga Shiroro wutar ke hawa babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa Mando a Kaduna, ta wuce Kumbotso a Kano, a yi ta sauke ƙarfinta mataki-mataki har ta iso taransifomar unguwa. Lokacin da aka lalata turakun wannan layi, jihohin arewa da dama suka yi fiye da mako guda babu wuta a watan Oktoban 2024, irin su abokin nawa ne suka riƙa neman hanyar shiga dajin da ba kowa ke iya shiga ba domin su tayar da ƙarfen da ya faɗi. Daga Kainji, wadda aka kammala a 1968, akwai layin da ke bi ta Birnin Kebbi ya kai wuta har Yamai, saboda haka aikin waɗannan mutane ya tsallake iyaka.

Labarin da na fi so yaron ya ji shi ne na abokinmu na uku, wanda ya karanta fannin injuna. Da ya gama karatu ya sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a lokacin da Kaduna ke alfahari da masana'antar da ta faro tun 1957, kuma mu duka muna ganin shi ya fi mu dacewa. Masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasa ma ta rufe, ya wayi gari da mata da 'ya'ya huɗu babu albashi. Bai zauna jiran a kira shi ba. Ya kama rumfa a Panteka cikin masu walda da maƙera, waɗanda da farko suka ɗauka ba zai jure zafin wurin ba. Su suka koya masa inda ake samun ƙarfe mai kyau cikin tarkace, shi kuma ya koya musu dalilin da ya sa sandar injin casarsu ke karyewa duk bayan wata biyu, ya nuna musu yadda ake daidaita girman fule da saurin juyawar inji. Yau injinan sussukar masara da na casar shinkafa da yake ƙerawa suna aiki a ƙauyukan da bai taɓa zuwa ba, kuma akwai yara fiye da goma a ƙarƙashinsa. Takardar digirinsa ba ta sauya ba, amma aikin da ta ba shi da farko ya mutu, iliminsa ne ya rage masa.

Sauran fannonin na ratsa masa su a gurguje. Man fetur da sinadarai akwai albashi mai tsoka, daga matatar Kaduna ta 1980 zuwa ta Dangote da ke Legas da ta SORAZ kusa da Damagaram wadda ta fara aiki a 2011, sai dai ƙofofin kaɗan ne, masu nema kuma ba iyaka. Sadarwa ta ɗauki matasa da yawa tun zuwan wayar salula a 2001, ko da yake wanda ke kula da turakun sabis zai gaya maka rabin aikinsa batir ne da janareta da man dizal. Masu kwamfuta suna iya zama a Zariya su yi wa kamfanin Turai aiki. Fannoni biyu da nake ganin an yi wa riƙon sakainar kashi su ne injiniyan noma da na kayan asibiti, domin na sha shiga asibiti na ga na'ura mai tsada an lulluɓe ta da zane saboda babu wanda zai gyara ta, kuma wata injiniya da na yi aiki da ita, wadda ta ƙware a famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, ba ta taɓa rasa manoman da ke layi a ƙofarta ba.

Na kuma gaya masa tsawon hanyar, don kada ya shiga da gaggawa. Karatun shekara biyar ne, a shekara ta huɗu a tura shi wata shida sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa, sannan wasu shekaru a ƙarƙashin injiniya mai rajista kafin ya cancanci nasa hatimin. Waɗannan wata shidan, da yawa daga cikin ɗalibai suna neman ofis mai sanyi ne inda za a sa musu hannu a littafi su koma gida, kuma a nan ne suke yin asarar da ba ta maiduwa. Na ga abokan karatunmu masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka koma banki ko kasuwanci, ban kuma zarge su ba, amma waɗanda suka tsaya a aikin har suka yi suna, kusan dukansu mutane ne da suka yarda rana ta dake su tun suna ɗalibai.

Ranar Asabar da ta biyo baya na ɗauke shi zuwa wani aikin tankin ruwa da nake dubawa. Na ba shi hular kwano, ya riƙe sandar awo, ya ɗauki kwanon sarki biyu na tsakuwa tare da leburori, ya yi ta tambayar dalilin da ya sa ake shimfiɗa buhunan da aka jiƙa a kan kankaren da aka zuba jiya. A hanyar dawowa bai sake tayar da zancen kuɗi ba, tambayarsa duk a kan injin kwaɓa siminti ce da yadda haƙoransa ke juya gangar. Makon jiya ya kira ni ya ce ya cike fannin injuna a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma yana roƙon in yi masa magana da abokina na Panteka ko zai karɓe shi kafin a fara karatu. Na kira abokin nawa a daren, ya ce yaron ya zo ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, ya taho da tsofaffin kaya da takalmi mai rufi.