Ƙwaron wake da kundin masta: abin da alƙalai suka duba a aikina

Na yi masta a fannin kimiyyar halittu a Jami'ar Ngaundere, can Dang, wajen kilomita 15 daga cikin gari a kan hanyar Garwa. Abin da na fito da shi daga wannan aiki shi ne alƙalan kundi sun fi damuwa da hanyar da ka bi fiye da girman abin da ka gano. Ɗalibai da yawa suna shiga ɗakin gwaji da burin su fito da sakamako mai ban mamaki, alhali makin yana wani wuri daban.

Tsarin karatun dai sananne ne. Jami'o'in Kamaru suna kan tsarin LMD: lisans shekara 3, masta shekara 2, sannan dokta. Masta zango huɗu ne, kowane zango kiredi 30, jimla 120. Shekarar farko darussa ne da jarrabawa, ƙarshen shekara ta biyu kuwa na bincike ne da rubuta memuwar, wato kundin masta. Ana rubutawa da Faransanci ko Ingilishi, amma taƙaitawa dole ta zo da harsunan biyu. Sassan kundin ba sa canzawa: gabatarwa, bitar ayyukan magabata, kayan aiki da hanyoyi, sakamako, tattaunawa, kammalawa.

Babana ɗan kasuwar wake ne a Marwa, don haka ban sha wahalar zaɓen batu ba. Tun ina yaro nake ganin buhu ya shiga sito lafiya lau, bayan 'yan watanni a buɗe a tarar da wake duk huda, gari yana zuba ta gindi. Na kuma ga yadda ake jefa ƙwayar maganin ƙwari ta fostoksin cikin buhu a ɗakin da mutane ke kwana, alhali iskar da take fitarwa guba ce. Sai na ce zan gwada garin ganyen darbejiya da garin 'ya'yanta a kan ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus.

Malamin da ya jagorance ni bai bar ni na taɓa kwalba ko ɗaya ba sai da na rubuta tsarin binciken ya gamsu. Ya ce mini: "Ɗana, ka rubuta shi yadda wani ɗalibi a Garwa da bai taɓa ganinka ba zai ɗauka ya maimaita aikin ba tare da ya kira ka a waya ba." Wannan maganar ita ta riƙe kundin gaba ɗaya, kuma har yau da ita nake auna duk wani rubutun kimiyya da na karanta.

Ga abin da take nufi a aikace. Macen ƙwaron tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, tsutsa ta fasa ta shige ciki, ta ci ta girma a ɓoye, sai bayan mako uku zuwa huɗu idan da zafi babban ƙwaro ya huda ya fito. Ke nan waken da ka saya a kasuwa yana iya zama da ƙwari a cikinsa ido bai gani ba. Dole a sa shi a firiza ya yi kwanaki, a kashe duk abin da ke ciki, a fito da shi ya saba da yanayin ɗaki kafin a fara. Ƙwarin gwajin ma ba na kasuwa ake ɗebowa ba. Kiwonsu ake yi a kwalabe domin a samu sa'annin juna, 'yan kwana ɗaya ko biyu, tunda babban ƙwaro rayuwarsa ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. In ka zuba tsoffi suka mutu, ba za ka san ko darbejiya ce ta kashe su ko ajali ba.

Saboda haka ne kwalbar shaida, wadda aka zuba wa wake da ƙwari ba tare da magani ba, ta fi kowace kwalba daraja. Da ita ake gyara adadin mace-macen sauran ta hanyar lissafin da wani masani mai suna Abbott ya fitar a 1925, a cire waɗanda da ma za su mutu ko ba magani. Kowane awo na gari na yi shi a kwalba huɗu, kowace kwalba giram 50 na wake da ƙwari 20. Kwalba ɗaya labari ce kawai, sai an maimaita lissafi yake da abin kamawa. Kuma kullum sai na rubuta zafin ɗakin da laimarsa. Ngaundere tana kan tudu, sama da mita 1,000, kuma a watan Disamba da Janairu sanyi yana jinkirta fitowar ƙwari sosai. Wanda zai yi irin wannan aiki a nan ya lissafa da hunturu a jadawalinsa, don abin da ke ɗaukar mako uku a zafin Marwa yana iya jan ƙafa a Dang.

Sakamakona bai zo da armashi ba. Garin ganye bai kashe manyan ƙwari yadda mutanen gida suke zato ba. Garin 'ya'yan ne ya yi aiki, shi ma ba wajen kisa nan take ba, wajen rage 'ya'yan da suka fito daga baya. Wannan ya dace da abin da aka sani: sinadarin azadiraktin ya fi yawa a cikin ƙwayar 'ya'yan, kuma aikinsa hana ci da hana girma ne. Wani abokin karatuna ya ba ni shawara in cire teburin ganye tunda ba ya ƙayatarwa. Na bar shi. A ganina gaya wa manomi cewa ganyen da yake dogaro da shi bai isa ba taimako ne babba, ko da ba ya daɗin ji.

Kafin ranar kariya, wato ranar da ɗalibi ke kare kundinsa gaban alƙalai, akwai tankaɗe. Malam ya sa hannu cewa kundin ya isa a gabatar, na yi gwajin gabatarwa gaban malamai da ɗaliban ɗakin gwajinmu, aka yi mini gyara, sannan kwafi ya tafi wurin alƙalai. Ina ba kowane ɗalibi shawara ya riƙa zuwa kallon kariyar wasu tun yana shekarar farko, ƙofa a buɗe take. A can na lura cewa yawancin tambayoyin ba sa wuce shafukan kayan aiki da hanyoyi, kuma wanda aka yi wa lissafi a waje ana gane shi a tambaya ta biyu.

Alƙalaina uku ne: shugaba, mai jarrabawa, da malamina a matsayin mai rahoto. An ba ni minti ashirin in gabatar. Mai jarrabawa ta fara da wake. Wane iri ne, daga ina, wa ya tabbatar da sunansa? Ganyen a wane wata aka tsinke shi, a inuwa aka shanya ko a rana, da wane rariya aka tankaɗe? Sannan ta buɗe teburina ta nuna ƙananan haruffan da ke gefen lambobi, ta ce in bayyana mata da bakina me ya sa biyu suke da harafi ɗaya, kuma me p ƙasa da 0,05 yake nufi, wato ma'aunin lissafin da ake duba ko bambancin sakamako abin dogaro ne. Ta kuma tambaya ko waken da aka zuba wa garin yana tsirowa. Na yi wannan gwajin, domin cikin waken da talaka ke adanawa har damina akwai iri.

Tambayar shugaba ita ta fi nauyi, a kan PICS ce, wani buhun adana wake mai leda a ciki da ke toshe iska. Ya ce: "Malam ɗalibi, buhun PICS yana kasuwa. Tushensa ma a Marwa yake, inda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar binciken noma ta ƙasarmu suka yi aiki tare tun ƙarshen shekarun 1980. Me garinka zai ƙara?" Na ce: "Ranka ya daɗe, buhun yana aiki ne ta hanyar toshe iska, kuma ga mai buhu cikakke da zai ɗaure ya ajiye ban san abin da ya fi shi ba. Amma matar da ke da kwano biyar a tukunya, tana ɗiba kullum don girki, ba ta da abin da za ta rufe watanni. Ita nake nufi. Kuma aikina na kwalba ne, ban gwada shi a sito ko rumbu ba, don haka ba zan ce a yau ya isa a ba manoma ba." Ya rubuta wani abu bai ce komai ba. Bayan an tashi malamina ya gaya mini cewa sanin iyakar aikina da na nuna ya ɗaga makina fiye da duk zane-zanen da na haska.

Alƙalan suka fitar da mu, har da babana da ya hawo mota daga Marwa, suka yi shawara, aka dawo da mu kowa a tsaye. Makin a kan 20 yake, kuma sun haɗa ingancin rubutun, gabatarwa, da amsa tambayoyi. Daga 12 Assez bien ne (ba laifi), daga 14 Bien (da kyau), daga 16 Très bien (da kyau sosai). Na samu 16. Wannan lamba tana da muhimmanci ga mai son dokta, domin da takardu ake zaɓe.

Aiki bai ƙare a ranar ba. Kowane alƙali ya miƙo mini kwafinsa cike da jan biro: sunayen kimiyya da ya kamata a karkata rubutunsu, wani marubuci da na ambata a ciki wanda shekararsa ta bambanta da ta jerin ƙarshe, da tattaunawar da suka ce in faɗaɗa kan bambancin ganye da 'ya'ya. Sai da na gyara duka, aka duba aka sa hannu, sannan na kai kwafin ƙarshe sashe da ɗakin karatu.