Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a aikin V-Ray

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, hotunan ginin sun isa hannun mai aiki kafin wa'adi ya cika, kuma ya karɓa ba tare da ƙorafi ba. Tun da hankali ya dawo jikina, bari in sauke nauyin godiya.

Duk wanda ya san ni ya san da Lumion nake aiki, wato manhajar da ke mayar da zanen gini na kwamfuta ya zama hoto kamar na gaske. Sai ga wannan kwangila ta zo da sharaɗin cewa da V-Ray, wata manhajar mai irin wannan aiki, za a fitar da hotunan, domin abokan haɗin gwiwarmu da shi suka shirya fayilolinsu a manhajar zanen gini ta SketchUp. Ga lokaci ya ƙure, ga manhajar ban taɓa buɗe ta ba. A Lumion kana matsar da rana inuwa na bin ta nan take. Shi kuwa V-Ray lissafin tafiyar haske yake yi, yadda zai bugi bango ya koma kan tayil ya ratsa gilashi, shi ya sa hoton ƙarshe yake cin lokaci.

Godiyata ta farko ga babban yayanmu a ofis. Ya tarar da ni ina bin saituna ɗaya bayan ɗaya, sai ya ja kujera ya ce, "Ƙanena, ba yau za ka san manhajar nan duka ba. Riƙe haske, kamara da gilashi, sauran bar su yadda ka same su." Shi ya fahimtar da ni cewa ɗigo-ɗigon da ke ɓata hoton cikin ɗaki ba ya raguwa da rabi sai an ninka lissafin sau huɗu, don haka gara a tsayar da shi da wuri a bar Denoiser, wato abin goge ɗigo-ɗigon, ya share ragowar. Shi ne kuma ya nuna mini LightMix, abin sauya launi da ƙarfin fitilu bayan hoto ya fito, wanda ya zo da V-Ray 5 a 2020. Da mai aiki ya ce fitilun falo sun yi ja da yawa, a kan hoton da ya riga ya fito na gyara su, ban sake jiran komai ba. A ganina wannan kaɗai ya isa mutum ya yafe wa manhajar wahalarta.

Ƙanwata a wajen aiki, Allah ya yi miki albarka. Katin hoton kwamfutata mai gigabait 8 ne, bishiyoyin harabar suka cika shi har aikin ya riƙa tsayawa. Ke kika mayar da su Proxy, wato siffofi marasa nauyi da ke wakiltar na ainihi, kika rage girman hotunan da aka lulluɓe bango da su daga 8K zuwa 2K, sannan kika bar mini kwamfutarki ta kwana tana aiki. Ke ce kuma kika lura cewa tagogin da suka zo mana ba su da kauri, shi ya sa gilashin ke karkatar da abin da ke bayansa.

Masu ɗora darussa kyauta a YouTube, ba ku san ni ba, amma muryoyinku sun taya ni hira har asuba. Uwargida kuma, na gode da haƙuri da ƙarar fankar kwamfuta.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Saitunan da na yi amfani da su na adana, duk mai buƙata ya yi mini magana in tura masa.