Golf ɗin da ke tafasa a gosulo: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon kanikanci, ga labarin wata Golf 3 da ta ba ni wahala. Idan an ɗauki hanyar Zariya ana gudu, allurar zafi tana zaune daram a kan 90. Amma da zarar an shiga cunkoson Kantin Kwari aka tsaya, sai ta fara hawa, ta nufi ja, har a ji ruwa yana ɓararraka a cikin tankin roba.

Wannan alamar kaɗai ta rage rabin bincike. Motar da ke gudu iskar hanya ce ke ratsa lagiretonta tana sanyaya ruwan. Idan ta tsaya babu mai wannan aikin sai fanka. Don haka motar da ke zafi a tsaye amma ta huce a guje, iska ce ba ta samu, kuma wajen fanka za a fara dubawa. Da a ce a guje take yin zafi, da sai mu zargi lagireton da ya toshe ta ciki ko famfon ruwa.

Duk da haka na fara da abin da ya fi tsada idan ya lalace, wato gasket ɗin kan inji, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa tana hana ruwa, mai da hayaƙi haɗuwa, don in san ko aikin ya fi ƙarfina. Da safe, inji a sanyaye, na buɗe murfin tanki na tayar da mota: babu kumfa mai tasowa a jere. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Baƙin mai a jikin sandar awo baƙi ne, bai koma kamar shayi da madara ba. Alhamdulillahi. Ku lura na ce a sanyaye. Murfin nan yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa ko ya wuce digiri 100, kuma wanda ya buɗe shi da zafi ruwan ne zai yi tsalle ya wanke masa fuska.

Sai fanka. Fiyus lafiya lau. A Golf 3 akwai wani makunni da aka ɗaura a jikin lagireto, shi ke jin zafin ruwa ya kunna fanka idan ya haura digiri 90 da 'yan kai, ya kuma ƙara mata gudu idan ya kai wajen 100. Na zare soket ɗinsa, na sa guntuwar waya na haɗa bakin da ke kawo wuta da wanda ke kai wa fanka. Shiru. Oga yana gefe yana cin goro, bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini sukudireba ya nuna bayan motar fankar da leɓe. Na ƙwanƙwasa da ƙotar, sai ga fanka ta motsa, ta juya a kasalance tana ƙugi, ta sake tsayawa. Da muka kwance ta, gawayin da ke goga wuta a ciki ya cinye saura ɗan ƙiris, baƙar ƙura ta cika wurin. A nan ku kula da yatsunku, domin wutar fankar nan daga batir take zuwa kai tsaye, tana iya tashi ko makulli yana aljihunka.

Mai motar, kawuna ne, ya ce, "Kai yaro, ba sai a haɗa fankar dairek a cire tamostat kowa ya huta ba? Haka ake yi wa motocin haya." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri, fankar ce ta mutu, ko an haɗa ta dairek ba za ta juya ba." Maganar cire tamostat kuwa, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi, na san gareji da yawa suna yi, ana cewa don ƙasar sanyi aka yi shi. Ni dai ban yarda ba. Na wannan injin yana fara buɗewa a wajen digiri 87, aikinsa kuma ya kai inji zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Idan babu shi inji yana daɗewa a sanyaye, kwamfutar mota ta riƙa zuba mai fiye da kima, a wannan tsadar fetur. Gwada shi ba wuya: a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, kafin ruwan ya tafasa za a ga bakinsa ya buɗe. Namu ya buɗe, na mayar da shi.

Na samo fanka 'yar Beljiyam a Ƙofar Ruwa, na sa aka gwada ta da batir a gabana kafin in biya. Bayan ɗaurawa na manna takarda a gaban lagireto, fanka ta tsotse ta ta riƙe, alamar tana jan iska zuwa wajen inji ke nan. Idan wayoyi suka juye, fanka za ta yi ta ƙara tana tura iskar zuwa waje, motar kuma ta ci gaba da zafi. Tsakanin haƙoran lagireton na tarar da ƙurar hunturu da guntayen leda, na wanke daga ciki zuwa waje da ruwa marar ƙarfi don kada su lanƙwashe.

Tsohon ruwan da na zubar jawur yake da tsatsa, an daɗe ana ɗura na rijiya. Na zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, na bar motar tana aiki ina matsa babban tiyo na sama har iska ta gama fita. Daga nan na bar ta a tsaye cikin ranar azahar. Allura ta ɗan wuce 90, fanka ta tashi da kanta, ta yi aikinta ta mutu, ta sake tashi.

Abin da ya rage shi ne tiyon ƙasa, ya yi laushi ya kumbura kusa da kilif. Kawu ya ce sai ƙarshen wata, ni kuma na ce masa kada ya yi doguwar tafiya da ita kafin nan.